Kundin aikin manhajar gano fim a cikin bidiyon gem

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025

Abin da nake ginawa manhaja ce da za a ɗora mata bidiyon wasan gem, ta ware wuraren da ɗan wasa ke riƙe da fad yana fafatawa, da wuraren da gem ɗin ya karɓe ragama yana nuna fim ɗin labarinsa. A gidan gem na Yayana da ke Badariya, nan Birnin Kebbi, masu buƙatar wannan kashi biyu ne, kowa da inda ya sa gaba. Yaran da ke ɗora wasansu a TikTok da Facebook so suke a zubar da fim a bar musu faɗa zalla. Wasu kuma fim ɗin suke so, a jera shi tun daga farko har ƙarshe su zauna su kalla ba tare da sun taɓa fad ba. Yanzu duk da hannu ake yi, mutum ya tasa bidiyon awa uku a gaba yana ja yana tsayarwa har ido ya yi ja.

Sai tambaya ta biyu, wadda ita ce ta sa na buɗe wannan kundi: in manhajar ta yi aiki, dabarar ta cancanci a nema mata haƙƙin ƙirƙira? Amsar tana wajen masu tantancewa a manyan ofisoshin duniya, sai na ga yadda suke yi da masu kawo musu irin wannan dabara. Don haka aikin biyu ne, rubuta manhaja da karatun fayilolin tantancewa. Da safe ina makaranta ina koyarwa, wannan sai bayan La'asar.

Kayan da ke hannu: laftof ɗina, PS4 da PS2 na Yaya da nake ara ranakun da babu cinkoso, sai kayan rubuta manhaja da sarrafa hoto da bidiyo, wato Python da OpenCV da FFmpeg, waɗanda duk kyauta ne.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na'urar kama bidiyo ta iso daga Kano a motar haya. ₦19,000, kuɗin mota ₦2,500. Da na haɗa ta da PS4 baƙin allo kawai ta nuna. Kariyar HDCP ce, mai hana kwafar hoto ta wayar HDMI, kuma a PS4 ana kashe ta daga saituna. Na kashe, hoto ya fito. PS2 kuwa sai da ɗan akwatin da ke juya wayoyin nan ja da fari da rawaya zuwa HDMI, ₦6,000 a Babbar Kasuwa.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Naɗi. Na zaɓi gem uku da ba su yi kama da juna ba: GTA San Andreas na 2004 a PS2, God of War na 2018 a PS4, sai ƙwallo.

Kafin manhaja ta yi hukunci dole a samu abin da za a auna ta da shi, don haka na ɗora ƙanena kan aikin alama. Littafin makaranta da biro: minti kaza daƙiƙa kaza fim ya fara, minti kaza ya ƙare. Ladarsa data ta ₦1,500 duk mako. Bai yi nisa ba ya leƙo ɗakin ya ce, "Yaya, in fim na tafiya sai alamar da'ira ta fito aka ce ka danna da sauri, wanga fim ne ko wasa?" Na ce ya rubuta shi a shafi daban. Sai kuma ga maimaicin cin ƙwallo, wanda ba labari ba ne amma fad ba ya tuƙa kowa a cikinsa. Shi ma shafi daban. Tun ba a je ko'ina ba rukuni biyun da na tsara sun zama huɗu.

Talata, 11 ga Nuwamba

Hanya ta farko, mafi sauƙi: baƙaƙen ɗamara biyu da ke fitowa sama da ƙasan allo in fim ya fara. FFmpeg na da matacin da ke auna gefen hoto ya faɗi inda baƙi ya tsaya. A San Andreas ta kama kusan duk abin da ƙanena ya rubuta. Inda ta yi tuntuɓe shi ne dare a cikin gem, ko in mota ta shiga ƙarƙashin gada: sama ya yi duhu, ƙasa ya yi duhu, sai ta ce fim ne. Na gyara da sharaɗin cewa ɗamarun biyu su zo daidai faɗi, bakinsu miƙaƙƙe, su kuma wuce daƙiƙa ɗaya.

Da na juya ga God of War komai ya tsaya cik. Babu ɗamara. Babu ma yankan kamara, domin masu gem ɗin da gangan suka tsara shi tamkar da kamara ɗaya aka ɗauka ba a yanke ba daga farko har ƙarshe. Kamara tana bayan kafaɗar Kratos, jarumin gem ɗin, kana tafiya, sai ta zagayo a hankali ta fuskance shi, ya fara magana da ɗansa, ba ka san lokacin da fad ya daina amsa ka ba. Wannan ya kashe hanya ta biyu tun kafin in rubuta ta, wato ƙidayar yankan kamara bisa tunanin cewa fim ya fi wasa yawan yanka. Ta yi amfani a ƙwallo, inda maimaici ke zuwa da yanka a jere, amma a nan babu abin ƙidayawa.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Babu wuta tun jiya. Janareton shago na masu wasa ne. Karatu a waya kawai.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Binciken farko a Espacenet da Google Patents, shafukan intanet da ake neman takardun haƙƙin ƙirƙira a cikinsu. Neman da kalmomi kaɗai ba ya kai mutum, domin lauyoyin da ke rubuta buƙatun neman haƙƙi ba sa amfani da sunan da 'yan wasa suka sani, sai su ce ɓangaren bidiyo da ba ya karɓar umarnin mai amfani. Lambobin rukuni da ake kasa takardun da su ne suka buɗe mini hanya: A63F 13 na wasannin bidiyo, G06V 20/40 na fahimtar abin da ke cikin bidiyo da G06V 20/49 na rarraba shi gida-gida, sai H04N 5/147 na gano sauyin fage.

Filin cike yake. Kamfanonin na'urorin wasa da na watsa wasa kai tsaye sun daɗe a ciki. Abin da na gani ya kasu gida uku. Akwai masu karɓar labari daga cikin gem ɗin kansa, shi zai ɗaga tuta ya ce yanzu fim ne. Duk wanda ya taɓa naɗi da maɓallin PS4 ya ga irinsa, inda saƙo ke fitowa cewa an dakatar da naɗi saboda an shiga fagen da aka toshe. Akwai masu lura da fad: in an daina dannawa ko dannawar ba ta motsa komai, fim ne. Sai masu kallon hoto kaɗai, ba su da gem ba su da fad. Nan nawa ya faɗa.

Tsufan fannin ma abin lura ne. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta gudanar da gasar gano iyakar fage a bidiyo ƙarƙashin TRECVID daga 2001 zuwa 2007. Duk takardun da aka gabatar a can suna nan a fili, kuma mai tantancewa yana da damar jawo kowacce.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Yau na samu abin da nake nema. Daga Espacenet akwai mahaɗi zuwa Global Dossier, inda ake ganin takardun da suka gudana tsakanin mai nema da ofis, na Amurka da Turai da Japan da Koriya ta Kudu da Sin. Buƙata ana wallafa ta bayan wata 18 da shigarwa, daga nan kowa na iya bin yadda aka kwashe da ita. Data ta ₦3,000 ta tafi a kan takardun nan.

Salon kusan ɗaya ne a fayilolin Amurka da na buɗe. Mai nema yana zuwa da da'awar farko, wato jimlar da ke shata iyakar abin da yake so a kare masa, mai faɗin gaske: hanya da ta ƙunshi karɓar bidiyo, duba hotunansa, gano ɓangaren da ba na wasa ba, sa masa alama. Mai tantancewa ba ya karanta ta yadda mai ita ke nufi a ransa. Ƙa'idarsu ita ce a ba kalmomin da'awa ma'ana mafi faɗi da hankali zai ɗauka bisa bayanin da ke cikin buƙatar. In ka rubuta bidiyo ba ka tsare shi ga na gem ba, tsohuwar dabarar gano talla a shirin talabijin ta shigo cikin da'awarka ke nan, kuma da ita za a buge ka.

Daga nan sai ya bi da'awar gaɓa-gaɓa. Kowace gaɓa ya ajiye mata sakin layi daga wata tsohuwar takarda, har da lambarsa. In takarda ɗaya ta ƙunshi gaɓoɓin duka, sashe na 102 na dokar haƙƙin ƙirƙira ta Amurka ke nan, abin ba sabo ba ne. Wanda ya fi yawa shi ne sashe na 103: takarda ta farko ta kawo uku cikin huɗu, ta biyu ta kawo cikon, sai ya rubuta dalilin da zai sa matsakaicin gwani a fannin ya haɗa su ba tare da wata hikima ta musamman ba. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2007 a shari'ar KSR da Teleflex, haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya a samu sakamakon da kowa ya zata ba kasafai yake tsira ba.

Mai nema yana da wata uku ya amsa, ana iya ƙara masa zuwa shida in ya biya. Amsar takan zo da da'awa da aka tsuke, an ƙara mata wane ɓangaren allo ake dubawa, da me ake kwatanta shi, tsawon wane lokaci. A sake bincike, a sake ƙi, a kira shi ƙin ƙarshe. Ga mai kuɗi ba ƙarshe ba ne, domin yana iya biya a ci gaba da tantancewa. Abin da ake bayarwa daga baya, in an bayar, yakan ninka da'awar farko tsawo, kuma kowace kalma da aka ƙara wani yanki ne mai nema ya sallama wa jama'a. Ko Warner Bros, gem ɗinsu na Shadow of Mordor ya fito a 2014, amma haƙƙin tsarin Nemesis na abokan gaba masu tuna ɗan wasa bai fito ba sai Fabrairun 2021, bayan an sha dawo musu da buƙatar.

Ni dai ina bayan mai tantancewa a wannan tsauri. Namco ta nemi haƙƙi a 1995 kan ɗan ƙaramin wasan da ake yi yayin da babban gem ke lodi, bai ƙare ba sai 2015. Kusan shekara ashirin sauran kamfanoni na kaffa-kaffa da abin, yara na zaune suna kallon allon lodi. In aka ba wani da'awa mai faɗin "gano fim a bidiyon gem" haka kawai, irina da ke zaune a Kebbi da laftof ɗaya shi zai fara ji a jika.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Hanya ta uku: alamomin allo, wato ma'aunin rai, taswira, kamfas, adadin harsashi. Lokacin wasa suna nan, in fim ya zo sai su ɓace. Ban so in koya wa manhaja kamannin alamomin kowane gem ba, so nake ta gano su da kanta. Tana ɗaukar hoto biyu a kowace daƙiƙa, ta ƙanƙanta su, ta duba waɗanne wurare ne ba sa sauyawa alhali sauran allo na motsi. Abin da ya tsaya cik minti bayan minti a lungu ɗaya, shi ne alama. Daga nan sai ta bi bidiyon tana tambaya: alamar na nan ko ta tafi?

A God of War wannan ya ba da sakamako na farko mai ma'ana. Matsala: gem ɗin yakan ɓoye ma'aunin rai in babu faɗa, sai tafiya cikin kwalekwale ta zama fim a wajen manhaja. Kamfas ɗin da ke saman allo ya fi zama abin dogaro. Allon dakatarwa da na lodi su ma suna shigowa a matsayin fim, amma su da sauƙi, hoto ba ya motsi a cikinsu. Irin Dead Space na 2008 kuwa, da aka ɗora ma'aunin rai a bayan rigar jarumin, wannan hanya ba za ta taɓa kama shi ba. Na ajiye shi a jerin abubuwan da manhajar ba ta yi.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Haɗa hanyoyin uku, kowace ta jefa ƙuri'a. Sharaɗin daƙiƙa biyu kafin a sauya hukunci, don kada manhaja ta riƙa tsalle. Jarrabawar ɗalibai ta fara, aiki zai ragu.

Litinin, 1 ga Disamba

Na je wajen Barista, abokin mahaifinmu, bayan Magariba. Na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, in takarda kake so, takarda za ka samu. Ba nan gizo ke saƙar ba."

Ya jawo Dokar Haƙƙin Ƙirƙira da Zane ta Najeriya ta 1970 ya buɗe mini. Sashe na 1 ya kafa sharuɗɗa uku irin na ko'ina: abu ya zama sabo, ya fito daga aikin hikima, ya zama za a iya amfani da shi a masana'anta. Amma sashe na 4 ya ce magatakarda, wanda ofishinsa ke Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, tsarin takardu kawai yake dubawa. Ba ya binciken ko abin sabo ne. Ana bayar da haƙƙin ne a kan kasadar mai shi, ba tare da lamunin ingancinsa ba. Shekara 20 daga ranar shigarwa, da kuɗin sabuntawa duk shekara. Ranar da ka ce wani ya kwaikwaye ka, ranar za a yi tantancewar gaske, a gaban Babbar Kotun Tarayya, inda lauyansa zai zo da tsofaffin takardun nan ya nemi a soke taka. Ya ce tamkar a ba ka takardar fili ne ba a je an auna ba, sai ka fara gini maƙwabta su fito da tasu.

Na ce, "To Baba, mene ne amfaninta?" Ya ce amfaninta kwanan wata. Wanda ya fara shigarwa shi doka ta sani, kuma daga ranar kana da wata 12 ƙarƙashin Yarjejeniyar Paris, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin ƙirƙira, ka kai buƙatar wata ƙasa da wannan kwanan watan.

Ya ja mini kunne kan abu biyu. Na ɗaya, laftof ɗin nawa ne ko na makaranta? Domin sashe na 2 ya ba mai ɗaukar aiki haƙƙin abin da aka ƙirƙira a bakin aiki. Nawa ne, kuma aikin koyarwata bai shafi wannan ba, amma ya ce in daina buɗe shi a ɗakin malamai. Na biyu, wannan kundi. Duk abin da na wallafa kafin in shigar da buƙata ya zama sanannen abu, ko da ni na wallafa shi. Amurka tana ɗaga wa mai ƙirƙira ƙafa na shekara ɗaya, Turai ba ta da irin wannan, tamu dokar kuma baje koli na ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi kawai ta keɓe, cikin wata shida. Abin da na rubuta zuwa yau duk sanannu ne. Daga yanzu in na zo kan abin da nake ganin nawa ne, matsalar zan faɗa, maganin zan riƙe.

Ita manhajar kanta, rubutunta, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare shi tun daga ranar da aka rubuta. Fim ɗin da za a yanko kuwa na kamfanin gem ne, wanda zai ɗora shi a intanet ya san da haka. Barista bai karɓi ko kwabo ba. Na kai masa kilishi na ₦4,000.

Juma'a, 5 ga Disamba

Tunda Abuja ba za ta tantance ba, ni zan yi, da irin tsaurin da na gani a fayilolin Amurka. Na rubuta da'awa ta farko, na ja layi tsakiyar takarda, gaɓoɓi a hagu, tsofaffin takardu a dama.

Karɓar bidiyon wasa: akwai. Ɗaukar hotuna a tazara: akwai. Baƙaƙen ɗamara: tsoho tukuf. Ɓacewar alamomin allo a matsayin shaidar fim: akwai, a cikin rukunin A63F 13 kansa. Gano abin da ba ya motsi a bidiyo: da shi ake gano tambarin tashar talabijin tun da daɗewa. Haɗa wannan da wancan, duk mai tantancewa zai rubuta dalilinsa a layi uku. Ƙuri'ar hanyoyi uku ita ma sananniyar dabara ce. Ɓangaren dama bai bar gurbi ko ɗaya ba.

Tambayar ƙanena ta kuma dawo ta ƙofar sashe na 112 na dokar Amurka, wanda ke neman kowace da'awa ta fayyace iyakarta. In na rubuta "fim" ban ce ko fage mai alamar dannawa yana ciki ba, za a ce iyakar ba ta fito ba.

Matsayin yau: manhaja tana aiki, tana da amfani, babu abin nema wa haƙƙi a cikinta.

Talata, 9 ga Disamba

Gwaji na farko da bidiyon yara, kuma ya rushe gaba ɗaya.

Na ce su turo mini abin da suke son a yanka. Babu ko ɗaya da aka naɗa da na'urar kama bidiyo. Duk waya ce aka saita wa talabijin, wani a hannu, wani an jingina ta da kwalbar lemo a kan benci. Allon gem ɗin bai cika hoton ba, yana karkace a tsakiya, kewaye da bango, da wayoyin wuta, da kalandar shago. Manhaja ta nemi abin da ba ya motsi, ta samu kalanda, ta ɗauke ta a matsayin ma'aunin rai. Kalanda ba ta ɓacewa, don haka bidiyo duka wasa ne, babu fim ko ɗaya. A na hannu kuma komai rawa yake, ba ta samu abin da ya tsaya ba sam.

Na zauna na bi ɗaya a hankali, hoto bayan hoto. Ga abin da ke ciki: zane-zanen igiyar ruwa da kamara ke haifarwa in ta kalli allo, ratsin duhu da ke gangarowa saboda bugun kamara da na talabijin ba su daidaita ba, kamara tana ƙara haske da kanta duk lokacin da fage ya yi duhu, sai baƙar ɗamara ta koma toka-toka, hasken ƙofa a kusurwar allo daidai inda taswira take, kan wani yaro da ya gifta ya rufe rabin allo na daƙiƙa uku. Sauti kuwa janareto ne da ihu.

Yaya ya tsaya a kaina ya ce, "Ai haka suke yi, wa ke da kuɗin wanga akwati naka?" Gaskiyarsa. Waya ce abin da ke hannunsu, kuma da ita za su ci gaba da naɗi.

Da dare na koma takardun da na tara. Waɗanda ke hannuna duk hoto mai tsabta suke zato, wanda ya fito kai tsaye daga na'ura ko daga tashar watsawa. Wannan ba hujja ba ce cewa babu wanda ya yi, miƙe hoton allo ko takarda da aka ɗauka a karkace sanannen aiki ne. Amma a nan ne karo na farko da na ga matsalar da ba a riga an amsa ta a shafin farko na bincike ba.

Asabar, 13 ga Disamba

Ƙurar hunturu ta toshe fankar laftof, tana mutuwa tsakiyar aiki. Wanki da sabon man sanyaya, ₦5,000. Maƙalin waya mai ƙafa uku don gwaji, ₦7,500.

Alhamis, 18 ga Disamba

Matakin farko na sabon aikin: nemo kusurwoyi huɗu na talabijin, a miƙe hoton ya koma murabba'i, sannan a miƙa wa tsofaffin hanyoyin. OpenCV na da kayan yin haka. Da rana yana tafiya lafiya. Wahalar ita ce fage mai duhu a ɗaki mai duhu, inda bakin allo ke narkewa cikin bango, kuma fim ya fi son farawa daidai wannan lokaci, da allo ya yi baƙi. Wato lokacin da aka fi buƙatar kusurwoyin shi ne lokacin da suke ɓacewa. In wayar a jingine take sai a riƙe na baya. In a hannu take, na baya ya riga ya tashi daga aiki.

Na samu wata hanya da ke riƙe allon a wannan tsakani, tana kuma amfani da halin kamarar kanta a matsayin shaida maimakon a ɗauke shi a matsayin datti. Bayaninta yana littafin takarda, da kwanan wata, Barista ya sa hannu a shafukan.

Litinin, 22 ga Disamba

Hutun makaranta. Karatu kan ɗaya shingen, wanda bai shafi sabunta ba: shin irin wannan abu ma ana ba shi haƙƙi?

A Amurka sashe na 101 ne, da hukuncin Kotun Ƙoli na 2014 a shari'ar Alice. Mai tantancewa zai tambaya ko da'awar tunani ne tsagwaro da aka ce kwamfuta ta yi. Kallon bidiyo a ce nan fim ne nan wasa ne, ƙanena yana yi da biro, don haka da'awa mai faɗi tana iya faɗuwa a nan tun kafin a je ga tsofaffin takardu. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne shari'ar McRO da Bandai Namco ta 2016, kan daidaita motsin leɓen zanen kwamfuta da magana. Kotun ɗaukaka ƙara ta bar da'awar ta tsaya saboda ta ƙunshi takamaiman ƙa'idoji da suka inganta aikin, ba kawai ɗora wa na'ura abin da mutum ke yi da hannu ba.

Ofishin Turai da ke Munich ya bi ta wata hanya. Sashe na 52 na yarjejeniyarsu ya cire manhajar kwamfuta da ƙa'idojin wasa in su kaɗai ne, sai an nuna wata matsala ta fasaha da aka warware ta hanyar fasaha. Sukan ɗauki takardar da ta fi kusa da kai, su ware bambancin, su tambaya wace matsala bambancin ya magance, sannan ko gwani zai kai ga haka da kansa. Wannan tsari ya fi mini daɗin aiki, domin yana tilasta mini faɗin bambancin a jimla ɗaya. "Ware fim don mai kallo ya ji daɗi" ba zai wuce ba. Riƙe iyakar allo a hoton kamara mai rawa lokacin da haske ya ɗauke, wannan magana ce ta fasaha.

Talata, 30 ga Disamba

Gwaji a kan bidiyon waya, an auna da littafin ƙanena. Waya a jingine: tana kama kusan takwas cikin goma na fina-finan, ƙaryarta kaɗan. Waya a hannu: wajen rabi. Mai gifta gaban allo har yanzu yana ruɗa ta in ya daɗe. Maimaicin ƙwallo ya fi kowane sauƙi. Bidiyon awa ɗaya yana cin kusan minti ashirin a laftof, wanda ya yi yawa in ana son ta koma waya.

Yaya ya fara karɓar ₦300 a kan kowane bidiyo da aka yanka. Barista ya ce a tsaya tukuna, amfani da abu a bainar jama'a shi ma yana iya zama bayyanawa. Don haka tsohuwar manhajar ce kawai ke shago, mai aiki da na'urar kama bidiyo. Sabuwar tana gida.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau, har da data da man janareto: kimanin ₦78,000.

Asabar, 3 ga Janairu, 2026

Sabuwar da'awa ta kai rabin shafi, kuma ta tsaya kan bidiyon da aka ɗauka da kamara daga allo. Gaɓoɓi biyu ba su samu abokin zama a ɓangaren dama ba tukuna. Binciken da ya rage ba a rukunin wasanni yake ba. Zan shiga na sarrafa hoto, G06T, da takardun masu gano fim ɗin da aka sata da kamara a gidan sinima, domin matsalarsu ta yi kusa da tawa ƙwarai, kuma nan mai tantancewa zai fara leƙawa. Takardun Japan da Koriya ma sai an bi su da fassarar na'ura.

In gaɓoɓin biyu sun tsira zuwa ƙarshen wata, zan bi ta NOTAP, hukumar da ke taimaka wa 'yan Najeriya masu ƙirƙira wajen shirya buƙata da shigar da ita. Daga ranar shigarwa wata 12 za su fara ƙirgawa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar PCT, ta shigar da buƙata ɗaya don ƙasashe da yawa, a 2005, kuma ta nan ake samun rahoton bincike daga ƙwararren ofis, da jinkirin zaɓen ƙasashe har wata 30. Ɗaiɗaikun mutane daga ƙasashe irin tamu ana yafe musu kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarwa, amma kuɗin binciken daban ne, kuma shi ne mai nauyi. Takardar Abuja a iyaka take tsayawa: ana tsallaka Kamba an shiga Nijar, ita da Benin kuma ƙarƙashin OAPI suke, ofishin haƙƙin ƙirƙira na haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde.

In kuma na ci karo da takardar da ta riga ni, zan wallafa bayanin duka a nan tare da manhajar, da kwanan wata, don ya shiga cikin abin da mai tantancewa zai iya jawowa a kan duk wanda ya zo da da'awa mai faɗi daga baya.

Na mako mai zuwa: naɗin dare a shago da wayoyi iri uku, sabon littafin alama ga ƙanena, rage lokacin aiki zuwa ƙasa da minti goma. Kasafi ₦12,000.